Ƙarar da Ta Tsayar da Mu Kwana Uku

"Kashe rediyon nan, Maman Seyi."

Na yi kamar ban ji ba. Muna daidai kwanar da ke shiga layinmu a Tudun Wada, inda kwalta ta ƙare, ruwan sama ya bi jar ƙasa ya haƙe ta ramuka-ramuka. Na ce ai labarai ake yi, ya bari mu ji. Baban Faith ne a gefena. Ya miƙa hannunsa, wanda ya rame har agogo na yawo a jiki, ya murɗe rediyon da kansa. A lokacin ne na karya sitiyari hagu, tayar gaba ta faɗa rami, motar ta ce ƙwal.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Yau na fara ji."

"Maman Seyi."

"To, sati biyu."

Ya juyo da idanun nan nasa da suka koma ruwan ɗorawa, ya tsaya yana kallona. Na ce wata biyu ne, tunda dai sai an tona.

Sunansa Datong, amma a layinmu babu mai kiran sa haka sai fasto. Bakanike ne, ya fi shekara arba'in a ƙarƙashin motocin mutane. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa shekara ashirin da biyu. Ni Kuburat ce, uwar Seyi, a Jos aka haife ni, atamfa da leshi nake sayarwa a kasuwar Taminus, kuma an san ni da baki, ba na musu. Motar tsohuwar wagon ce ja da mijina ya mutu ya bar min. Tun ranar da ta shigo gidan babu hannun da ya taɓa ta sai na Baban Faith. Da ita nake loda kaya duk ƙarshen wata, in gangara Hawan Kibo in kai wa masu saye a Akwanga da Lafiya.

Da ƙarar ta fara, yana kwance. Tagar ɗakinsa tana kallon ƙofar gidana, duk fita da shigowata a kunnensa. Na san in na kai motar wani gareji, ko ban faɗa ba zai gane, don mutumin nan yana gane ɗaurin noti da ba nasa ba. A layinmu kuwa, ka ɗauke motarka ka kai wa wani alhali bakanikenka na kwance, daidai yake da ka leƙa ta taga ka ce masa an cire rai da shi. Ban iya ba. In na faɗa masa kuma, na san zai ce a tallabo shi a kawo shi gindin taya. Sai na samu mafita irin ta wawaye: duk sa'ad da zan karya kwanar nan, in ƙara muryar rediyo.

Ran nan Litinin ce, daga asibiti muke. Ciwon hanta ne, ya ci ya cinye. Likita ya ja matarsa Magadaliya gefe, ya ce su kai shi gida ya huta, kowa kuma ya san abin da ake nufi da haka. Baban Faith ya ce ya ji, amma gida ba Tudun Wada ba ne. Mahaifiyarsa tana nan da rai a ƙauyensu, wajen Pankshin, ta kusa casa'in, idonta ya tafi, ba ta iya shiga mota. Yana so ya je ta taɓa shi da ransa. Abin da ya roƙa ke nan, bai ƙara komai a kai ba. Tun a harabar asibitin Magadaliya ta buga wa ƙaninsa waya ta ce a gaya wa tsohuwa gobe Talata muna tafe. Ni ce zan tuƙa.

Na tsaya a ƙofar gidansu na kashe mota. Magadaliya ta fito daga baya ta zagayo za ta kama shi. Bai motsa ba.

"Motan nan ba zai hau titi gobe ba," in ji shi.

"Baban Faith, tafiyan awa biyu ne fa," Magadaliya ta ce.

"Ko na minti biyu ne. A kira min Bala."

Bala a hannunsa ya koyi aiki, tun zamanin da ba a haifi 'yarsu Faith ba. Yanzu gemunsa ya yi furfura, yana da nasa garejin a Daɗin Kowa, amma har gobe in Baban Faith na magana Bala hannunsa a baya yake. Talata da safe ya iso da akwatin kayan aikinsa. Ana yayyafi, irin sanyin watan Yuli da ke shiga ƙashi. Aka fito da kujera mai hannu aka ajiye a barandar gidana, aka tallabo mara lafiya aka zaunar, da bargo da hular sanyi. Jakunkunan tafiya suna jingine a bakin ƙofa tun asuba.

Ya sa na tayar da mota, ya ce in murɗa sitiyari ya ƙure hagu, in dawo da shi ya ƙure dama, motar tana tsaye. Ya rufe ido, ya karkata kai.

"Ba mai ba ne," ya ce wa Bala. "Da man sitiyari ne ya yi ƙasa, da ka ji yana kuka kaman saniya. Ba bel ba ne, babu tsuwa."

"Ko shaf ne, Oga?"

"Shaf ƙas-ƙas-ƙas yake yi a kwana, yana bin gudun taya. Wannan sau ɗaya yake bugawa, sai ya shiga rami. A ƙafa yake. Ɗaga shi."

Bala ya sa jak ya ɗaga gaban motar. Ya kama tayar hagu gefe da gefe ya girgiza, sai ga ta tana wasa, ni da ban san komai ba ma na gani. Ya leƙa, ya ce tayi-rod ne, sandar ƙarfen da ke tura taya in an murɗa sitiyari, kanta ya cinye. Na ce alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Bala ya hau keke ya tafi kasuwar 'yan kayan mota, ya dawo, ya ɗaura, kafin azahar ya sauke jak. Magadaliya har ta fara jan jaka.

Baban Faith ya ce sai an gwada. Ƙa'idarsa ce tun da can: mai mota ne zai tuƙa, shi yana gefe yana saurare, don ya ce kowa da yadda yake wahalar da motarsa. Aka ɗauke shi aka sa a gaba, Bala ya shiga baya. Na bi layin har ƙarshe, na karya kwanar, na dawo. Shiru.

"Ya tafi, Oga," in ji Bala.

"Koma. Ki sa tayan dama a ramin can na gaban shagon mai caji. A hankali."

Na koma, na sa. Can ƙasa-ƙasa, kamar an ajiye cokali a kan tebur, wani abu ya ce ƙwas.

"Biyu ne," ya ce. "Babban ne ya rufe ƙaramin."

Bala ya so ya sake ɗaga motar nan take, amma zaman gwajin ya gama da Baban Faith. Kansa ya faɗi a kan ƙirji, sai da aka kwantar da shi, kuma ya riga ya ce kada a kwance komai ba ya wurin. Da la'asar ya farfaɗo, na shiga ɗakin da raina a ɓace. Faith ta bugo daga Fatakwal tana kuka, ta ce za ta sa a turo motar haya mai kyau har ƙofar gida. Na ce masa ga mafita nan. Na ce zan kulle tawa, in ba Bala makulli, in rantse da duk abin da yake so ba zan taɓa ta ba sai an gyara.

Ya amsa daga kwance.

"Wata biyu kina ƙara muryan rediyo. In na tafi gobe, ranan Asabar za ki loda atamfa ki sauka Kibo. Za ki ce sau ɗaya ne. Na san ki, Maman Seyi."

Gaskiya ya faɗa, don kuwa akwai masu biki a Lafiya da na yi wa alkawarin Asabar ɗin. Na ce masa taurin kansa ya fi na jaki. Ya ce ya sha ji. Magadaliya ta fita tsakar gida ta buga wa ƙaninsa, na ji tana cewa a gaya wa Kaka, wato tsohuwar, sai gobe, an samu ɗan abin da ya tsayar.

Laraba bai iya riƙe ko kunu ba. Duk da haka aka fito da shi. Bala ya ɗaga dama, ya girgiza tayar gefe da gefe, ya girgiza sama da ƙasa, ba ta motsa ba. Ya juya ta, ya kasa kunne, ya shiga ƙarƙashi da tocilan ya fito. Ya ce shi dai bai ga komai ba. Ya faɗe ta a hankali, yana kallon ƙasa, na kuwa gane yana so ne a bar maganar a kama hanya.

"Kawo ni kusa."

Ni da Bala muka ɗaga kujerar da shi a ciki, babu nauyi, muka ajiye a gindin tayar. Ya ce Bala ya zura dogon ƙarfe ƙarƙashin tayar ya dinga bankarowa sama yana saki. Shi kuma ya sunkuya, Magadaliya na riƙe da rigarsa ta baya, ya cusa hannu bayan tayar ya dafa wani wuri. Bala ya bankara sau ɗaya, sau biyu, sau uku.

"Nan. Bol-joyin."

Wani ƙarfe ne mai kai kamar ƙwallo, zaune cikin ɗan gurbi, shi ke riƙe da taya a jikin ƙafar mota. Bala ya kwance notin, ya doka guduma sau biyu, sai kan ya fice daga gurbinsa ya zo masa a hannu, jan ruwan tsatsa na bin yatsunsa. Robar da ke rufe shi lafiya lau take daga waje, shi ya sa ido bai gani ba. Bala ya juya abin a tafinsa, ya ɗago ya dube ni.

"Hajiya, da wannan kike sauka Kibo?"

Na tuno gangaren nan, da tireloli a bayana, da ramin da ke gefen hanya, amma ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Na tsaya ne kawai ina kallon ruwan tsatsar yana ɗiga a simintina.

Bala ya koma kasuwa, ruwa ya tsare shi a can, sai bayan la'asar ya dawo da sabo fil a cikin kwali mai ƙyalli. Baban Faith ya ce a ba shi. Ya ɗora a cinya, ya sa babban yatsa ya tura kan, kan ya kwanta gefe ba gardama. Ya sake turawa, ya dawo.

"Mayar musu."

"Oga, sabo ne."

"Dubi hannuna, Bala. Kofi ba na iya ɗagawa. In yatsan nan ya juya shi, me rami zai yi masa? Ka nemo na Beljiyam, wanda aka ciro daga jikin mota."

A lokacin an fara rufe shaguna. Wata ranar ta tafi ke nan.

Na sami Magadaliya a kicin tana dama gwaten da babu mai sha. Ba ta kuka, tun Litinin ban ga hawayenta ba. Ta ce shekara talatin da tara suna tare, ba ta taɓa cin sa a gardama ba, ba ta kuma sa ran za ta fara yanzu. Ta ce ƙafafunsa sun fara sanyi daga ƙasa, ta ga irin haka a wurin babanta. Sai ta rage murya ta ce, ko Bala zai shafa wa sabon nan baƙin giris ya ɗaura, a ce na Beljiyam ne? Ni ma abin da ke raina ke nan. Muka tare Bala a bakin get yana wanke hannu da fetur.

"Mama, ku yi haƙuri," ya ce. "Ko na yarda, zai ce a ba shi ya taɓa. In kuma ya gane na yi masa ƙarya a aiki, da wannan zai tafi. Ba zan iya ba."

Na zage shi, ba laifinsa ba. Ya tsaya ya ji, ya ce sai da safe.

Magadaliya ta sake buga waya ƙauye. Wannan karon ba ta ce gobe ba, ta ce muna nan tafe.

Alhamis Bala bai iso ba sai wajen sha biyu, ya zaga wurin masu yanka motoci har uku. Ya zo da guda uku a cikin leda, duk baƙi ƙirin da tsohon giris. Baban Faith bai iya fitowa ba, a gado aka kai masa. Magadaliya ta shimfiɗa jarida a kan bargon. Ya ɗauki na farko ya tura, ya ajiye. Na biyu ya kai kusa da kunne ya girgiza, ya ajiye. Na uku ya tura da yatsa bai motsa ba, ya haɗa hannu biyu ya tura, bai motsa ba. Ya miƙa wa Bala.

"Ka sa masa giris kafin ka ɗaura. Kada ka bar notin babu fil ɗin da ke kulle shi."

"To, Oga."

"Ka duba na hagu ma da ƙarfe, yadda muka yi jiya."

"Na duba, Oga. Lafiya."

Magadaliya ta kawo tsumma za ta goge masa hannu, ya riga ya koma barci da hannuwan a dunƙule, ta bar shi.

Ƙarfe huɗu Bala ya sauke jak. Na ce mu tafi yanzu-yanzu. Magadaliya ta dubi sama, hadari ya haɗo ta gabas, ta dubi agogo. A shekarun nan babu mai hankalin da zai bari magariba ta same shi a hanyar Mangu da mata biyu da mara lafiya. Muka haƙura. Aka buɗe masa taga, na bi layin sau uku ina sa tayar dama a ramin gaban mai caji, yara na kallona kamar na taɓu. Da na shigo na tambaye shi, ya ce daga gado bai ji komai ba, amma gado ba mota ba ne. Gobe zai ji a hanya.

Da yamman nan maƙwabta suka yi ta shigowa, tunda an san gobe ne. Fasto ya zo ya yi addu'a. Limamin masallacin ƙasan layi, wanda Baban Faith ya sha tayar masa da mashin, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya yi tasa. Ni ina baranda a zaune, ina kallon tsohon ƙarfen da Bala ya bari a kan dakali. Ban shiga ba.

Juma'a ƙarfe bakwai muka ɗaga. Aka kwantar da kujerar gaba, aka sa masa filo biyu, Magadaliya ta zauna a bayansa daidai kansa. Bala ya rufe ƙofar a hankali, ya sunkuya ta taga.

"Oga, Allah ya kai ku lafiya."

"Ka daina barin sifana a ƙasa," in ji Baban Faith. Bala ya ce to.

Muka bi ta Bukuru, gari bai gama tashi ba. Bayan Mararraban Jama'a hazon damina ya kwanta a kan duwatsu, masara ta yi kore shar ta ko'ina, mata na jera buhunan dankali a bakin titi. A shingen 'yan sanda na wajen Barkin Ladi wani ya leƙo, ya ga wanda ke kwance, ya ɗaga mana hannu mu wuce. Lokaci-lokaci Magadaliya kan jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe. Ina tuƙi ina satar kallon bargon, in ga ko yana hawa yana sauka.

Da muka wuce Mangu ya buɗe ido.

"Sauka gefen titi. Inda ya fashe."

Na rage gudu, na sauke tayoyin dama a kan gargadar da ke bakin kwalta, na murɗa sitiyari na dawo. Ya ce in sake. Na sake.

"Kin ji?"

"Ban ji komai ba."

"Ni ma." Ya yi numfashi biyu. "Yana ja dama kaɗan. In kin koma ki sa Bala ya saita."

"Zan sa."

"Ba sai wata biyu ba."

Na ce ya yi shiru ya adana ƙarfinsa, saura kaɗan. Magadaliya ta ce masa an kusa Panyam, ta fara lissafa masa wuraren da muke wucewa, makarantar kaza, gadar kaza, kamar mai yi wa yaro hira. Ya ce mm sau ɗaya ko sau biyu.

Bayan Panyam hanya ta fara hawa, kwana a kan kwana, duwatsu a hagu, gangare a dama. Hankalina ya koma kan titi, don akwai wata tifa da ta ƙi ba ni hanya. Da na samu na wuce ta, sai na lura Magadaliya ta daina lissafi. Na duba madubi. Ta sunkuyo, hannunta ɗaya a goshinsa, ɗayan a cikin bargo wajen ƙirji.

"Maman Seyi," ta ce. "Kada ki tsaya."

Na juya na dube shi. Bakinsa a ɗan buɗe, idonsa ta riga ta rufe masa. Na ce innalillahi a cikin raina, na mayar da idona kan titi. Na tambaye ta saura nawa. Ta ce kamar minti ashirin da biyar.

Na tuƙa. Abin da na yi ke nan. Na sa sigina inda ya kamata, na taka birki saboda wata akuya, na gaisa da wani ɗan banga da ya ɗaga min hannu. Ina jira in ji wani abu ya taso min, bai taso ba. Lissafi kawai kaina ke yi, ya ƙi tsayawa: da Talata muka taho, da ya kwana uku a gaban uwarsa. Da na faɗa masa tun a watan Mayu, lokacin yana iya zama, da aikin yini ɗaya ne. Da na kai wa Bala a ɓoye, da ya yi fushi na sati ya huce. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, amma can nesa, kamar haushin wani ake ba ni labari. Sitiyarin a hannuna yana juyawa sumul.

Daga kwalta muka sauka wata hanyar ƙasa tsakanin shingayen ƙerana. Gidan yana gindin wani dutse, ɗakuna huɗu na jar ƙasa da rufin kwano, da rumbuna biyu. Tun daga nesa na hango ta. Wata 'yar tsohuwa a kan kujerar katako ƙarƙashin inuwar kwano, lulluɓe da bargo, ta juyo da kunnenta wajen hanya. Da ta ji mota ta fara laluben sandarta.

Ƙaninsa ya taho da fara'a, ya leƙa ta gilashi, ya tsaya cak. Magadaliya ta fita, ba ta kula kowa ba, ta je ta durƙusa a gaban tsohuwar, ta kama hannunta, ta yi magana da yarensu. Ban ji abin da ta ce ba, gajeriyar magana ce. Wata mata a bakin rumbu ta ɗora hannu a ka za ta fasa kuka, tsohuwar ta ɗaga sanda, ta faɗi kalma ɗaya. Matar ta haɗiye. Daga baya aka ce min kalmar "tukuna" ce.

Maza uku suka ɗauke shi da bargonsa suka shiga da shi ɗakin da aka share aka shimfiɗa sabon zanen gado. Ni na tsaya jikin mota, ban san inda zan sa kaina ba. Sai ƙanin ya zo ya ce Kaka na kiran direba.

Na same ta a bakin ƙofar ɗakin, an riƙe ta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta lalubo kaina, ta taɓa ɗankwalina.

"Mace ce ashe," ta ce da Hausa. "Ke kika kawo shi?"

"Ni ce, Kaka."

"Tun Talata nake zaune a wurin nan. Me ya riƙe ku?"

Magadaliya ta dube ni. Na ce, "Motata ce ta samu matsala. Yana gyarawa."

"Ya gama?"

"Ya gama."

Ta gyaɗa kai. Na buɗe baki zan gaya mata sauran, zan ce mata wata biyu, zan ce mata rediyo, amma ta riga ta juya, ta ce a kai ta wurinsa.

Aka zaunar da ita a bakin gadon. Ta fara daga kansa, ta cire hular sanyin, ta shafa goshi, ta bi kumatun da suka faɗa, ta tsaya a haƙarƙari ta daɗe. Ta gangaro kafaɗa har ta iso hannun dama. Ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta murza nata a kai, ta kai hanci ta shinshina. Sai ta yi magana, wata yarinya ta fita da gudu, ta dawo da ruwan ɗumi a kwano da sabulu.

Magadaliya ta matso za ta karɓa, tsohuwar ta ture hannunta. Ta ɗora hannun ɗanta a cinya, ta sa sabulu, ta fara da babban yatsa, tana bin gefen farce da nata farcen. A waje mutane sun cika tsakar gida, babu mai tari. Ruwan ya yi baƙi, ta tsoma yatsa ta ji ya huce, ta ce a sake wani. Ta ajiye hannun dama a kan bargo, ta miƙa nata tana laluben na hagu.